Mai ciwon kumburin hanji da maganin kashe ƙwayoyin cuta: a gwada kafin a rubuta

Duk wanda ya daɗe da ciwon kumburin hanji ya san yadda tashinsa yake zuwa. Ciki ya fara murɗawa, zagayawa ta ƙaru har mutum ya kasa barci, a ga jini da majina a bahaya, jiki ya yi lis. A irin wannan hali abu biyu ne ke saurin faɗo wa mai ciwon a rai, sau da yawa har da mai duba shi. Ko dai a ce wata ƙwayar cuta ce ta shiga hanji, a rubuta maganin kashe ƙwayoyin cuta, ko kuma a ce tsohon ciwon ne ya motsa, a ƙara masa sitiroid, maganin da ke kwantar da kumburi ta hanyar danne garkuwar jiki. Kowanne daga cikinsu yana iya zama daidai, kuma kowanne yana iya jefa mutum cikin halin da ya fi wanda yake ciki muni, domin alamun biyun iri ɗaya ne, ido ba ya rarrabe su.

Ra'ayina a nan shi ne, a cikin marasa lafiya babu waɗanda ya kamata a yi wa tattalin maganin kashe ƙwayoyin cuta kamar waɗannan bayin Allah. Dalilin kuwa shi ne su ne za su fi kowa buƙatarsa nan gaba, ranar da ƙurji ya taru a ciki, ko ranar da za a shiga da su ɗakin tiyata. Duk maganin da aka ba su yau ba bisa hujja ba, daga rabon wannan ranar aka yanko shi.

Ciwon kumburin hanji kashi biyu ne manya. Akwai cutar Crohn, wadda ta ci sunan likita Burrill Crohn da ya bayyana ta tare da abokan aikinsa a birnin New York a 1932, tana iya kama kowane sashe daga baki har dubura, kuma tana cin bangon hanji har ta huda shi. Akwai kuma gyambon babban hanji, wanda yake tsayawa a fatar ciki ta babban hanji da dubura. Dukkansu ba a ɗaukarsu daga wani. Garkuwar jikin mutum ce take juyowa tana yaƙar hanjinsa, shi ya sa maganinsu ya ginu a kan kwantar da wannan garkuwa. Wata ƙididdigar duniya ta nuna cewa a 2017 kimanin mutum miliyan 6.8 ne ke ɗauke da ciwon, kuma yana ƙaruwa a ƙasashen Asiya da Afirka da Kudancin Amurka inda a da ba a cika jin labarinsa ba.

Mai wannan ciwo ƙofofi da dama ne a buɗe a jikinsa. Bangon hanjin da ya kamata ya tsare biliyoyin bakteriya a wuri guda ya riga ya tsage. Magungunan da ke kashe masa wutar kumburi, irin su prednisolone (wanda sitiroid ne) da azathioprine da infliximab, suna rage wa jiki ƙarfin kare kai. Yana yawan kwanciya asibiti, wurin da ƙwayoyin cuta masu taurin kai suka fi taruwa. Wani an yi masa tiyata ba sau ɗaya ba, wani an sa masa bututu a babbar jijiya ana ba shi abinci ta nan, ga rama da ƙarancin jini. Idan aka haɗa waɗannan, za a ga mutum ne da cuta ke saurin kamawa, kuma in ta kama shi ba ta yi masa da sauƙi.

Ita kuwa bijirewar ƙwayoyin cuta ga magani, tun farkon zamanin maganin aka hango ta. Alexander Fleming, wanda ya gano penicillin a 1928, ya yi gargaɗi a jawabinsa na karɓar kyautar Nobel a 1945 cewa ba da maganin ƙasa da kima zai koya wa ƙwayoyin cuta jure masa. Abin da ya ji tsoro ya auku. Babban binciken da mujallar Lancet ta wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 1.27 ne suka mutu kai tsaye saboda bakteriyar da magani ya daina ji, kuma tana da hannu a mutuwar miliyan 4.95. Abin da ya kamata mai ciwon hanji ya lura da shi a cikin wannan bincike shi ne sunan da ke kan gaba a jerin masu kisan: E. coli. Tare da ita a sahun farko akwai Klebsiella. Duk biyun mazauna hanji ne. Wato inda mai ciwon yake da rauni, nan ne gidan abokan gaba.

Yadda abin yake faruwa ba shi da wuyar ganewa. Hanji cike yake da nau'o'in bakteriya ɗaruruwa, galibinsu masu amfani, suna taimakawa wajen narkar da abinci, suna kuma cike gurbi ta yadda mugu ba zai sami wurin zama ba. Maganin kashe ƙwayoyin cuta ba ya tantance na kirki da na banza. Kamar gobarar daji ne, tana cinye ciyawar kiwo da ƙaya gaba ɗaya, amma idan ruwa ya sauka ƙaya ce ke riga kowa tsirowa. Waɗanda suka tsira daga maganin su ne masu dabarar jure masa, sai su sami fili su hayayyafa. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne ba sai ta hanyar gado suke miƙa wannan dabara ba. Bakteriya tana iya miƙa wa maƙwabciyarta, ko da ba jinsinsu ɗaya ba, wani ɗan guntun ƙwayar halitta mai ɗauke da sirrin karya magani. Mutum zai iya ɗauke da irin waɗannan a hanjinsa watanni ba tare da ya ji komai ba. Sai ranar da hanji ya huje, ko aka yi tiyata, ko suka bi ta mafitsara, sannan su shiga jini, likita ya ba da maganin da aka saba ya tarar ba ya aiki. Alhali mai ciwon kumburin hanji tun kafin a ba shi komai nau'o'in bakteriyar hanjinsa sun riga sun ragu idan aka kwatanta da mai lafiya.

A nan ne ya kamata a tsaya a yi maganar wata ƙwaya da ake kira Clostridioides difficile, domin ita ce ta fi nuna illar rubuta magani da ka. Tana zama a hanji shiru har sai an share mata maƙwabta, daga nan ta yaɗu ta riƙa zubar da dafin da ke ƙona babban hanji. Alamunta gudawa, ciwon ciki, zazzaɓi, wato daidai da tashin ciwon kumburin hanji. Masu wannan ciwo, musamman waɗanda babban hanjinsu ya kamu, sun fi sauran jama'a kamuwa da ita, suna iya kamuwa suna da ƙuruciya, a gida, har ma ba tare da sun sha wani magani a kusa ba. In ta kama su, zaman asibiti yana tsawaita, haɗarin a kai ga cire babban hanji yana ƙaruwa, haka ma haɗarin rasa rai. Ko da an leƙa hanjin da na'ura, farin ɓawon nan da likitoci ke gane ta da shi a jikin sauran mutane sau da yawa ba ya bayyana a nasu. Gwajin bahaya ne kawai ke tona asirinta.

To, a duba abin da zai faru idan aka yi kuskure. Mutum yana da wannan ƙwaya, aka ɗauka gudawa ce ta yau da kullum, aka ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta mai suna ciprofloxacin. An ƙara share mata fili ke nan, domin dangin wannan magani, tare da clindamycin da dangin cephalosporin, su ne kan gaba wajen tayar da ita. Ko kuma aka ɗauka ciwon ne ya motsa, aka ninka masa sitiroid ba tare da an yi maganin ƙwayar ba. An ɗaure wa jiki hannu ke nan yayin da ake dukansa. Ana maganin ƙaba kai yana kumbura. Saboda haka ne ƙungiyoyin likitocin hanji na Turai da Amurka suka yi ittifaƙi cewa duk mai ciwon da ya zo da tashin gudawa a gwada bahayarsa a nemi wannan ƙwaya. Idan aka same ta, maganinta vancomycin ne na sha ko fidaxomicin. Metronidazole, wanda aka fi sani da Flagyl, an sauke shi daga matsayin zaɓin farko saboda bai kai su aiki ba. Ko bayan an warke, kusan mutum ɗaya cikin biyar tana dawo masa, masu ciwon hanji kuma nasu ya fi haka.

Wani ƙaramin abu da ake yawan mantawa: wannan ƙwaya tana rufe kanta cikin ƙwanso mai tauri da ke iya daɗewa watanni a jikin gado ko ƙofar ban ɗaki, kuma ruwan goge hannu mai sinadarin barasa ba ya kashe ta. Sabulu da ruwa ne ke wanke ta daga hannu.

Shin rage rubuta magani yana da tasiri na zahiri, ko magana ce kawai ta masu tsara manufofi? Tarihin wannan ƙwaya ya ba da amsa. A farkon shekarun 2000 wani nau'inta mai tsananin dafi, wanda dangin ciprofloxacin ba sa yi masa komai, ya ɓarke a asibitocin Kanada da Amurka da Turai ya kashe mutane da yawa. A Ingila an ɗauki matakai iri-iri, ciki har da taƙaita rubuta waɗannan magunguna, kuma daga 2007 yawan masu kamuwa ya faɗi warwas. Wani bincike da aka wallafa a 2017, wanda ya bi diddigin ƙwayoyin halittar cutar, ya nuna cewa nau'o'in da ke jure wa wannan dangin magani su ne suka ɓace, abin da ke nuna cewa taƙaita maganin ne ya yi babban aikin. Hannun mai rubuta magani yana iya sauya irin ƙwayar da ke yawo a ƙasa baki ɗaya.

Kada a fahimce ni a baibai. Akwai wuraren da maganin kashe ƙwayoyin cuta ke ceton ran mai ciwon kumburin hanji, kuma jinkiri a wurin ganganci ne. Idan ƙurji ya tara mugunya a cikin ciki ko gefen dubura, ana buƙatar magani, ko da yake babban ƙurji sai an tsiyaye shi, domin magani ba ya ratsa tarin mugunya yadda ya kamata. Idan hanji ya huje, ko cuta ta shiga jini mutum yana rawar ɗari, numfashi na sauri, hankali na gushewa, ba a jiran sakamakon gwaji. A ɗebi jini a aika ɗakin gwaji, a fara magani nan take, idan sakamako ya fito a sauya zuwa wanda ya dace. Haka kuma ana amfani da shi wajen rage yoyon da cutar Crohn ke hudawa a gefen dubura, da kumburin jakar da ake ɗinkawa da ƙaramin hanji bayan an cire babban, wanda kusan rabin waɗanda aka yi wa wannan aiki suna gamuwa da shi ko sau ɗaya ne. Amma tashin gyambon babban hanji da babu shaidar wata ƙwaya a tare da shi, gwaje-gwajen da aka yi ba su nuna ƙara maganin kashe ƙwayoyin cuta yana da amfani ba, kuma ba a ba da shawarar yin haka.

Ko a inda ya halatta, matsalar tana cikin maimaitawa. Ciprofloxacin da metronidazole su ne tagwayen da ake komawa gare su kullum, makonni, wani lokaci watanni. Yoyo yakan lafa yayin da ake sha, ya dawo idan aka daina, sai a sake zagayowa. Kowane zagaye yana ƙara yiwuwar bakteriyar hanjin mutum ta daina jin ciprofloxacin. Ga kuma illar magungunan su kansu. Metronidazole idan ya daɗe yana taɓa jijiyoyi, ƙafa da hannu su riƙa yin sanyi ko tsira-tsira, wani lokaci abin ba ya komawa daidai. Dangin ciprofloxacin kuwa suna iya tsinka agara, kuma haɗarin ya fi yawa ga mai shan sitiroid, wato dai mai ciwon da muke magana a kansa. Hukumomin kula da magunguna na Amurka da Turai sun fitar da gargaɗi mai ƙarfi a kan haka. Idan aka ga mutum yana komawa kan waɗannan magunguna sau uku sau huɗu a shekara, alama ce cewa ainihin ciwon ba a shawo kansa ba, kuma can ya kamata a mayar da hankali.

Akwai ƙorafin da nake ɗauka da muhimmanci. Likita zai ce, ina da mara lafiya a gabana wanda garkuwarsa take ƙasa, gwaji zai ɗauki kwanaki ko ma babu shi a inda nake, in na jira ya lalace laifin wa? Gaskiya ne, kuma ba na ganin baiken wanda ya yi rigakafin mummunan abu a kan mara lafiyar da ke cikin mawuyacin hali. Sitiroid ma yana iya ɓoye zazzaɓi da ciwon ciki, mutum ya yi kama da mai sauƙi alhali abu ya yi nisa. Sai dai yawancin maganin da ake rubutawa ba a irin wannan gaɓa ake rubuta shi ba. Ana rubuta shi ne don mura da ciwon maƙogwaro waɗanda bairos ke kawowa, ko don gudawar kwana biyu, ko don mara lafiya ya matsa. Kuma ko inda ya zama dole a fara kafin sakamako, ɗibar samfur kafin ƙwaya ta farko ta shiga baki ba ya cin minti goma. Wanda ya fara magani ba tare da ya ɗebi samfur ba ya rufe wa kansa hanyar sanin ko ya dace ya ci gaba ko ya tsaya. A wuraren da atini na amiba da tarin fuka na hanji suke da yawa, gwajin ya ƙara zama wajibi, domin duka biyun suna kwaikwayon ciwon kumburin hanji, kuma ba wa mai su sitiroid yana iya zama ajalinsa.

Su ma masu ciwon akwai wani tsoro da na ga yana kai su ga kuskure. Mutum ya karanta takardar da ke cikin kwalin allurar da ke kwantar masa da garkuwa, ya ga an jera cututtukan da za su iya kama shi, sai ya daina karɓa a ɓoye. Bayan watanni ciwo ya tashi, a koma kan prednisolone, a kwanta asibiti, a yi tiyatar gaggawa, a sha maganin kashe ƙwayoyin cuta kala-kala. An gudu ba a tsira ba. Bayanan da aka tara na shekaru a kan dubban masu cutar Crohn sun nuna cewa daɗewa a kan sitiroid, da amfani da magungunan kashe zafi masu sa maye, da barin ciwon yana ci, suna cikin manyan abubuwan da ke jawo mummunar kamuwa da cuta. Sitiroid na kashe gobara ne na 'yan makonni, ba a zama a kansa. Magungunan zamani kuma ba duka suke ɗaya ba. Vedolizumab, alal misali, aikinsa ya fi tsayawa a hanji, bai cika taɓa garkuwar sauran jiki ba, abin da ke sa a yi la'akari da shi ga tsofaffi da waɗanda cuta ta sha kamawa.

Haɗarin da ke tattare da waɗannan magunguna sananne ne, kuma yawancinsa ana iya tare shi tun kafin a fara. Infliximab da adalimumab suna iya tayar da tarin fuka da ya kwanta a jiki shekaru, don haka ake gwaji da hoton ƙirji kafin allurar farko. Ciwon hanta nau'in B shi ma yana iya farfaɗowa, sai an duba jini. Tofacitinib da danginsa suna ƙara haɗarin ƙurajen nan masu raɗaɗi da ƙwayar ƙarambau ke tayarwa bayan shekaru, kuma akwai allurar rigakafinsu wadda ba ta ɗauke da ƙwaya mai rai. Allurar mura ta shekara-shekara da ta ciwon huhu suna rage ranakun da za a buƙaci maganin kashe ƙwayoyin cuta tun daga tushe. Masu ɗauke da ƙwaya mai rai kuwa, kamar ta zazzaɓin shawara da ta ƙyanda, ba a yi wa wanda ke kan maganin danne garkuwa, shi ya sa lokacin da ya fi dacewa a duba katin rigakafin mutum shi ne ranar da aka tabbatar yana da ciwon, kafin a fara komai. Abin takaici ne yadda wannan mataki mai sauƙi yake yawan faɗuwa tsakanin likitan hanji da likitan da ke duba mutum yau da gobe, kowa yana zaton ɗayan ya yi.

Maganar ba ta tsaya kan waɗanda suka riga suka kamu ba. Wani babban bincike a ƙasar Denmark da aka wallafa a 2023, wanda ya bi bayanan miliyoyin mutane, ya gano cewa yawan shan maganin kashe ƙwayoyin cuta yana tafiya tare da ƙarin haɗarin kamuwa da ciwon kumburin hanji, musamman ga waɗanda suka haura shekara 40, kuma haɗarin yana ƙaruwa da yawan zagayen da aka sha. Irin wannan bincike alaƙa yake nunawa, ba ya yanke hukuncin cewa maganin ne sanadi. Duk da haka ya ishi mai hankali dalilin da zai sa ya daina ɗaukar waɗannan ƙwayoyi a matsayin abin da in bai yi amfani ba ba zai cutar ba.

Wasu suna sa rai ga dashen bakteriyar hanji, inda ake tace bahayar mai lafiya a zuba a hanjin mara lafiya don a mayar da abin da magani ya share. A kan Clostridioides difficile mai yawan dawowa, wannan hanya ta yi aiki ƙwarai, kamar yadda gwajin da aka yi a Amsterdam aka wallafa a 2013 ya nuna. Amma a 2019 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta sanar cewa mutum biyu masu raunin garkuwa sun kamu da E. coli mai bijire wa magani ta wannan hanya, ɗaya ya rasu, domin ba a gwada bahayar wanda ya bayar don neman irin wannan ƙwaya ba. Wannan aiki ne na asibiti mai tsauraran matakan tantancewa, kuma duk wanda ya ga ana koyar da yin sa a gida ya nisance shi.

Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2017 ta raba magungunan kashe ƙwayoyin cuta gida uku: na amfanin yau da kullum, na sa ido, da na ajiya waɗanda ba a taɓawa sai an rasa mafita. Ciprofloxacin yana cikin na sa ido. A watan Satumba na 2024 ƙasashen duniya suka amince a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya cewa kafin 2030 za su rage mace-macen da ke da alaƙa da bijirewar bakteriya da kashi 10 cikin 100, kuma aƙalla kashi 70 cikin 100 na maganin da ake ba mutane ya fito daga rukunin farko. Buri ne mai kyau, amma a ɗakin duba marasa lafiya ake cika shi ko a saɓa masa.

Abin da nake nema daga asibitocin da ke kula da masu wannan ciwo bai fi ƙarfinsu ba. A cikin fayil ɗin kowane mai ciwon a ware shafi guda da ke nuna kowane maganin kashe ƙwayoyin cuta da ya sha, da dalili, da tsawon kwanaki, da sakamakon duk wani gwajin da ya taɓa nuna ƙwaya mai taurin kai, a kuma ba shi kwafi ya riƙe. Likitan haƙori da na sashen gaggawa da mai ba da magani duk suna rubuta masa, kuma babu wanda ya san abin da ɗayan ya bayar. Shi ma mai ciwon yana da haƙƙin ya tambaya cikin ladabi, likita, me muke zaton muna kashewa, an ɗebi samfur, kwana nawa zan sha, yaushe za a sake dubawa? Kada ya ajiye ragowar magani don tashin ciwo na gaba, kada ya karɓi na wani, kada kuma ya tsayar da wanda aka rubuta masa ko maganin ciwonsa na dindindin sai da sanin likitansa. Idan gudawa ta ɓarke masa yana cikin shan maganin kashe ƙwayoyin cuta, ko a cikin makonnin da suka biyo baya, ya koma asibiti da wuri, ya faɗi sunan abin da ya sha, ya nemi a gwada bahayarsa kafin a ƙara masa wani abu.